Hawayen Iyaye Ba Su Ne Suka Hana Amurka Tunani Ba

Wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala kwanan baya a kan taƙaddamar mallakar bindiga a Amurka, kuma tun da na karanta ta maganar take damuna. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne: duk lokacin da wani ya kutsa makaranta ko kanti ya buɗe wa jama'a wuta, sai 'yan siyasa su jero iyayen da aka kashe wa 'ya'ya a gaban kyamara, a yi ta kuka, a ce lallai sai an yi doka yau-yau. A ganinsa zuciyar da ke cikin alhini ba ta ba da shawara tagari, dokar da aka rubuta da hawaye kuwa ƙarshenta da-na-sani. Ya tuno hawayen da Barack Obama ya zubar a fadar White House a watan Janairun 2016, ya ce dabara ce ta toshe bakin masu hujja. Shawararsa ita ce a bari ƙura ta lafa, a kawo alƙaluma, masana su zauna cikin natsuwa su tace magana.

Malam ya iya alƙalami, kuma ba duk maganarsa zan watsar ba. Ya kawo misalin dokar Patriot, wadda George W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Oktoban 2001, kwana 45 kacal bayan harin 11 ga Satumba. Sanata ɗaya tak, Russ Feingold, ya ƙi amincewa da ita, kuma Musulmin Amurka sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunta shekara da shekaru. Wannan gaskiya ne. Zan ma ƙara masa wani misalin da bai kawo ba: a 1967, bayan 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panthers sun shiga majalisar Kalifoniya riƙe da bindigogi, cikin 'yan watanni aka zartar da dokar Mulford da ta hana yawo da bindiga mai harsashi, gwamna Ronald Reagan ya sa hannu. Tsoron baƙin mutum da makami ne ya haifi wannan doka. Firgici yana iya haifar da mummunar doka, babu gardama. Amma daga nan zuwa cewa alhinin iyaye ne ya ɓata muhawarar bindiga a Amurka, akwai tazara mai nisa, kuma tarihin ƙasar bai goyi bayan Malam ba.

Mu fara da alƙaluman da yake kira a kawo. Wa ya hana a tara su? A 1993 wani likita mai suna Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar New England Journal of Medicine, da tallafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC. Suka gano cewa gidan da ake ajiye bindiga, haɗarin a kashe wani a cikinsa ya kusa ninka na gidan da ba ta sau uku. Mai jayayya da wannan sakamako hanyarsa a buɗe take: ya yi nasa binciken ya ƙaryata shi. Ƙungiyar masu rajin mallakar bindiga ta NRA ba ta bi wannan hanyar ba, majalisa ta nufa. A 1996 ɗan majalisar wakilai Jay Dickey daga jihar Arkansas ya cusa wani sharaɗi a kasafin kuɗi da ya hana CDC kashe ko sisi a kan abin da zai iya zama goyon bayan taƙaita bindiga. Majalisa ta kuma zare dala miliyan 2.6 daga kasafin hukumar, daidai adadin da ta kashe a binciken raunukan bindiga a shekarar da ta gabata. Kowane mai bincike ya fahimci saƙon. Fiye da shekara 20 wannan fanni ya yi a bushe, sai a ƙarshen 2019 majalisa ta ware dala miliyan 25 aka farfaɗo da shi. Shi kansa Dickey, a 2012, ya haɗa alƙalami da Mark Rosenberg, tsohon jami'in CDC da suka yi ta fafatawa a da, suka rubuta a jaridar Washington Post cewa ya kamata a koma ga binciken.

Akwai abin da ya fi wannan ban takaici. A garin Martinsburg na jihar West Virginia ne cibiyar da ke bin sawun bindigogin da aka yi laifi da su take. Ɗan sanda a ko'ina cikin Amurka ya tsinci bindiga a inda aka yi kisa, can zai aika lambarta. Dokar 1986 ta haramta wa gwamnatin tarayya tara rajistar masu bindiga, don haka ma'aikatan cibiyar ba su da ikon buga suna a kwamfuta ta fito musu da amsa. Waya suke bugawa kamfanin da ya ƙera, daga nan dillali, daga nan mai shago. In shagon ya rufe, sai su shiga laluben takardun da ya aiko a kwali, wasu ruwa ya jiƙa, wasu wuta ta lasa, ko su zauna suna duba hotunan takardun ɗaya bayan ɗaya. Kwalayen sun yi yawan da har sai da aka riƙa zuba su a kwantenoni a harabar ajiye motoci. Ƙasar da ta ƙirƙiro Google ke nan. Wannan tsari ba uwar da ke kuka ce ta shimfiɗa shi ba. Mutane ne masu kwat da lauyoyi, cikin sanyin ofis, suka zauna suka tabbatar bayanin ba zai samu cikin sauƙi ba. Wanda yake son a yi muhawara da hujja, nan ya kamata fushinsa ya fara sauka, amma maƙalar Malam ko kalma ɗaya ba ta ce a kai ba.

Sai batun jira. Malam ya yi magana kamar ba a taɓa gwada haƙuri ba, alhali an gwada. Ranar 14 ga Disambar 2012 aka kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai, da manya shida, a makarantar firamare ta Sandy Hook da ke Newtown a jihar Kanetikat. Ba a yi doka a makon ba, ba a yi a watan ba. An kafa kwamiti, an saurari kowane ɓangare. Bayan wata huɗu sanatoci biyu, Joe Manchin na jam'iyyar Democrat da Pat Toomey na Republican, dukkansu masu kyakkyawar shaida a wurin NRA, suka kawo ƙuduri mai sauƙin gaske. Ba a ce za a karɓe bindigar kowa ba. Cewa aka yi a riƙa binciken tarihin mai saye a kasuwannin baje kolin bindigogi da cinikin intanet, kamar yadda ake yi a shago. Ƙuri'un jin ra'ayi na lokacin sun nuna kusan mutum tara cikin goma na goyon baya. Ranar 17 ga Afrilun 2013 ƙudurin ya samu ƙuri'a 54, ana buƙatar 60, ya mutu. Ga natsuwa, ga sassauci, ga haɗin kan jam'iyyu, duk abin da Malam ya nema an kawo. Abin da wata huɗun ya yi shi ne ya ba sanatoci damar lissafa wanda zai tuna da ƙuri'arsu ranar zaɓe, suka ga mai tsoron a taɓa bindigarsa ba ya mantuwa, mai juyayin 'ya'yan wasu kuwa harkokin rayuwa za su ɗauke masa hankali.

Daga nan majalisar tarayya ta yi shekara kusan goma ba ta motsa ba, sai da aka kashe yara 19 da malamai biyu a Uvalde ta jihar Teksas ranar 24 ga Mayun 2022, kwana goma bayan kisan baƙar fata goma a wani kanti a Buffalo. Wata ɗaya bayan Uvalde Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta tsaurara bincike kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ta kuma ba jihohi kuɗin aiwatar da dokokin karɓe makami na ɗan lokaci daga wanda kotu ta ga yana da haɗari. Ita ce muhimmiyar dokar bindiga ta farko daga tarayya cikin kusan shekara 30. A Fulorida ma, bayan kisan mutum 17 a makarantar Parkland a Fabrairun 2018, kwana 23 aka yi gwamna Rick Scott, ɗan Republican, ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21. Dokar bindiga ta 1968 kuwa bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy ta zo. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma a Amurka in ya huce ba mai sake waiwayarsa. Ina roƙon Malam ya nuna wa masu karatu wace babbar dokar bindiga ce ta fito daga lokacin sanyin da yake yabo.

Akwai kuma son kai a yadda ya raba motsin rai tsakanin ɓangarorin biyu, ya ɗora shi duka a kan guda. A taron NRA na shekarar 2000 ɗan fim Charlton Heston ya ɗaga tsohuwar bindiga sama da kansa, ya ce sai dai a zare ta daga hannun gawarsa, zauren ya kaure da sowa. Wannan alƙaluma ne? Mako guda bayan Sandy Hook babban jami'in ƙungiyar, Wayne LaPierre, ya fito ya ce ba abin da ke tsayar da mugu mai bindiga sai nagari mai bindiga. A Uvalde jami'an tsaro 376 suka hallara ɗauke da makamai, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin da yaran suke. Kamfanin da ya ƙera bindigar da aka yi ta'asar Sandy Hook da ita ya taɓa tallata ta da cewa mai riƙe da ita ya dawo da shaidar mazantakarsa, kuma a 2022 masu inshorar kamfanin, wato Remington, suka amince su biya iyalai tara dala miliyan 73 a ƙarar da ta ta'allaƙa kan irin wannan talla. A 2020, shekarar korona da zanga-zanga, hukumar FBI ta gudanar da binciken masu neman bindiga kusan sau miliyan 40. Mafi yawan masu bindiga a Amurka in an tambaye su dalili, kare kai suke cewa. To, tsoro ne wannan, kuma ba na raina shi. Mu da muka ga gwamnatin Zamfara a Yunin 2022 ta ce wa talakawa su nemi lasisin bindiga saboda 'yan bindiga sun addabe su, mun san abin da ke tura mutumin kirki ga neman makami. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a kira tsoron mai saye hankali, a kira baƙin cikin mai binne ɗa rauni.

Babban kuskuren maƙalar, a ganina, shi ne zaton da ta yi cewa dokar da aka zartar cikin gaggawa, cikin gaggawa aka yi tunaninta. A duba Ostireliya. Ranar 28 ga Afrilun 1996 wani ya kashe mutum 35 a Port Arthur da ke tsibirin Tasmaniya. Firaminista John Howard ɗan mazan jiya ne, bai cika wata biyu a kan mulki ba, kuma abokan ƙawancensa manoman karkara suke wakilta. Cikin kwana 12 ya haɗa kan jihohi a kan yarjejeniya guda: hana bindigogi masu aman harsashi a jere, lasisi, rajista, jiran kwana 28 kafin saye. Gwamnati ta sayi bindigogi kusan 650,000 ta lalata. Howard ya je garin Sale ya tsaya gaban fusatattun masu bindiga da rigar sulke a ƙarƙashin kwat ɗinsa. Mai kallo daga nesa zai ce ai ga dokar hawaye. Amma yawancin matakan nan sun daɗe a rubuce. Tun bayan kashe-kashen Melbourne na 1987 aka kafa kwamitin ƙasa kan tashin hankali, ya miƙa rahoto a 1990 yana neman a daidaita dokokin bindiga a faɗin ƙasar, aka ajiye shi. Masana sun gama aikinsu tun tuni, mai ɗaukar aikin ne babu.

Haka abin yake a New Zealand. A 1997 wani tsohon alƙali, Sir Thomas Thorp, ya yi wa gwamnati nazari ya ba da shawarar a hana bindigogi samfurin na soja. Shekara 22 shawarar tana kwance. Sai ranar Juma'a 15 ga Maris ɗin 2019, da wani ya shiga masallacin Al Noor da na Linwood a Christchurch ya yi sanadin mutuwar masallata 51, sannan majalisa ta zartar da hanin da ƙuri'a 119 da 1, kafin a cika wata guda. Wa ya yi rashin tunani a nan, waɗanda suka zartar cikin alhini, ko waɗanda suka bar rahoton a aljihun tebur cikin kwanciyar hankali har aka yi sallar gawa 51?

Gaskiya ne masu bincike na jayayya kan yawan rawar da dokar Ostireliya ta taka wajen raguwar mace-macen bindiga, domin adadin ya fara sauka tun kafin 1996. Amma a shekara 18 kafin dokar an yi kisan gilla 13 da bindiga, irin wanda ake rasa mutum biyar ko fiye, bayanta kuwa sai da aka shekara 22 ba a ga ko ɗaya ba. A Birtaniya ma iyayen Dunblane, inda aka kashe yara 16 da malamarsu a Maris ɗin 1996, su suka tura har aka hana ƙananan bindigogi a 1997.

Yanzu ga hujjar Malam mafi ƙarfi. Ya ce hankalin jama'a yana tafiya ga bindigar AR-15 da harbin makaranta saboda su ke sosa rai, alhali dogayen bindigogi kaso kaɗan ne na kisan kai a Amurka, ƙananan bindigogi ke yin mafi yawan ɓarnar. Haka ne. Sai dai da ya bi alƙaluman har ƙarshe, da sun kai shi inda bai yi niyya ba. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Wanda ya yi yunƙurin halaka kansa da bindiga, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Wanda ya gwada wata hanya sau da yawa akan ceto shi, kuma mafi yawan waɗanda aka ceto ba sa komawa su ƙarasa. Ƙuncin da ke kai mutum ga wannan yakan zo ne ya wuce, wani lokaci cikin sa'a guda. A 2006 rundunar sojan Isra'ila ta hana ƙananan sojoji tafiya gida da bindigoginsu a hutun ƙarshen mako, sai kashe kai a tsakaninsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari.

A nan ne nake ganin Malam ya saki reshe. Yana tsoron zafin zuciya a zauren majalisa, inda akwai kwamiti, akwai karatu na ɗaya da na biyu, akwai shugaban ƙasa da zai iya ƙin sa hannu, akwai Kotun Ƙoli da ta riga ta tabbatar wa ɗan ƙasa haƙƙin mallakar bindiga a shari'ar Heller ta 2008, ta kuma faɗaɗa shi a shari'ar Bruen ta 2022. Bai ji tsoron zafin zuciya a ɗakin kwana ba, inda tsakanin fushi da kunamar bindiga babu komai sai tsawon hannu. Miji ya fusata da matarsa da tsakar dare. Matashi ya rasa aiki, budurwa ta guje shi, bindigar mahaifinsa na cikin durowa ba makulli. Dokar jiran kwanaki kafin a miƙa wa mai saye makami, da dokar kulle shi a gida, da dokar karɓe shi daga mijin da kotu ta hana kusantar matarsa, wadda Kotun Ƙoli ta amince da ita a 2024 da alƙalai takwas cikin tara, dukkansu abu guda suke cewa: a ba zuciya lokaci ta huce. Nasihar da Malam yake yi wa 'yan majalisa ke nan, sai dai an kai ta wurin da rashin binta ke kisa nan take. In da gaske yake yi, shi ya kamata ya shige gaba wajen kare waɗannan dokoki.

Zargin da ya fi yi mini ciwo shi ne cewa ana amfani da iyayen ne. Manya ne masu hankalinsu, kuma sun biya farashin fitowa. Mai gabatar da shirin rediyo Alex Jones ya yi shekaru yana gaya wa miliyoyin masu sauraronsa cewa kisan Sandy Hook wasan kwaikwayo ne, mabiyansa suka riƙa tsangwamar iyayen har wasu suka sauya gida sau da dama, kafin kotuna a 2022 su ci shi tarar fiye da dala biliyan ɗaya. Abin da irin waɗannan shaidu ke kawowa gaban majalisa ilimi ne da jadawalin lambobi ba ya ɗauke da shi. A Yunin 2022 likitan yara na Uvalde, Roy Guerrero, wanda shi ma a makarantar ya yi firamare, ya bayyana wa kwamitin majalisar wakilai cewa harsasai sun yi wa jikin wasu yaran kaca-kaca, sai da zanen katun na rigunansu ake iya gane su. An ɗebi samfurin ƙwayar halittar iyaye don a tantance gawar wa ce. Wata yarinya 'yar shekara 11 ta faɗi yadda ta shafa jinin ƙawarta a jikinta ta kwanta kamar matacciya. Ɗan majalisar da zai yanke hukunci kan ko yaro ɗan shekara 18 ya cancanci sayen irin wannan makami, kamar yadda maharin Uvalde ya sayi biyu kwanaki kaɗan bayan ya cika 18, wajibi ne ya san abin da makamin ke yi wa jikin ɗan aji huɗu. Wanda bai sani ba, iliminsa ne ya gaza.

Mamie Till ta fahimci haka tun 1955. Da aka dawo mata da gawar ɗanta Emmett, ɗan shekara 14, daga Mississippi, ta ƙi yarda a rufe akwatin, mujallar Jet ta buga hoton fuskarsa. An daɗe ana ƙirga baƙar fatan da gungun fararen fata ke kashewa a kudancin Amurka, alƙaluman na nan a rubuce shekara da shekaru. Ba wanda zai ce yau matar nan ta ɓata muhawarar 'yancin baƙar fata da sosa rai.

A 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka. Lamba ce wannan, amma lamba ba ta gaya wa kowa ko hakan abin haƙuri ne ko abin tashi tsaye. Wannan hukunci daga abin da mutum ya ɗauka da daraja yake fitowa, kuma wanda ya ce 'yancin riƙe makami ya cancanci wannan asara, shi ma daga zuciyarsa ya yanke, sai ya fito ya kare zaɓinsa a fili.

Akwai gardama ta gaskiya da za a yi, ni kuma a shirye nake. Dokar karɓe makami na ɗan lokaci tana ba alƙali damar ba da umarni kafin ya ji ta bakin mai makamin, kuma mai kishin adalci yana da haƙƙin tambayar kwana nawa za a yi kafin a saurare shi, da nauyin hujjar da ya kamata a kawo. Hanin bindigogi samfurin soja na 1994, wanda wa'adinsa ya ƙare a 2004, ya fi mayar da hankali ga siffar makami fiye da aikinsa, har kamfanoni suka riƙa sauya ƙananan sassa suna ci gaba da sayarwa. Tsaurara dokar bindiga a manyan birane kuma sau da yawa a kan samarin baƙar fata take ƙarewa. Malam ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan, ya faɗi sashen da bai yarda da shi ba da abin da yake so a sa a madadinsa, zan amsa masa sashe-sashe.